Kafin Ka Ce Kati Ya Ƙone: Ɓacewar Waifai a Laftof Bayan Sabunta Kanel

 

Shugaban wannan zama, malamaina da ke jere a gaba, iyayenmu da suka ba mu aron wuri a nan Hotoro, da ku ƙannena masu gyaran kwamfuta da waya da kuka taso daga Farm Centre da titin Beirut, ina yi muku barka da zuwa. Na kuma hango wasu daga cikin masu kula da kwamfutocin masana'antu a Sharada da Challawa da Bompai. Allah ya saka da alheri, na san aiki kuka bari kuka zo.

Abin da aka nemi in yi magana a kansa ƙarami ne a ido. Mutum ya yi aiki da laftof ɗinsa jiya lafiya ƙalau, da dare manhaja ta nemi a sabunta ta, ya amince, ya kashe ya kwanta. Da safe ya kunna, alamar waifai ta yi ɓatan dabo. Ko kuwa alamar tana nan amma ba ta ganin rautar ofis, ko tana kamawa tana saki. Akasarin bayanina a kan Linux zai tsaya, musamman Ubuntu da Linux Mint, domin su ne za ku fi cin karo da su. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa sabuwa, a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ku kun fi ni sanin yawan laftof ɗin gwanjo da ke kan teburanku waɗanda ba su kai wannan matsayi ba, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau. Masu su ba za su zubar da su ba. Wasu za su ci gaba da zama a kan tsohuwar Windows, wasu kuma za su ce a ɗora musu Linux. Ga kuma ɗaliban Jami'ar Bayero da na Wudil masu koyon rubuta manhaja, da samarin da ke ɗora Kali don koyon tsaron intanet. Duk waɗannan, ranar da waifai ya ɓace, shagonku za su nufa.

A shago kuwa hukunci biyu na fi ji: ko a ce kati ya ƙone, ko a ce sai an yi fomatin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, shi ya sa ma na amsa gayyatar nan. Katin waifai yakan lalace, ba na musu. Amma katin da ya yi aiki jiya da dare, ba a yar da kwamfutar ba, ruwa bai shige ta ba, abu ɗaya kawai ya canza wato manhaja, da wane dalili za a fara tuhumar ƙarfe? Shi kuma fomatin ya fi muni. Ka goge wa ɗalibi furojet ɗinsa, ka goge wa ɗan kasuwa lissafin bashinsa na shekara, ka sake ɗora manhajar daga filash, waifai ya dawo saboda kanel ɗin da ke cikin filash ɗin tsoho ne. Bayan kwana kaɗan kwamfutar ta sake sauko da sabon kanel ɗin nan dai, matsalar ta dawo inda take. Mutumin ya yi asarar takardunsa, ya biya ka, ya kuma ƙona data wajen sake sauke komai, a lokacin da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari tun Janairun 2025. Wannan ba gyara ba ne, kuma amana ce a wuyanmu.

To, mene ne kanel? Shi ne ɓangaren manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfen kwamfuta da duk abin da kake gani a allo. Burauza ba ta san katin waifai ba, kanel take ba saƙo ya isar. Shi kuma kanel yana magana da kowane kati ta bakin direbansa. Akwai kuma abu na uku da mutane ke mantawa da shi, wata 'yar manhaja da ake kira famwe, wadda direba ke ɗaukowa daga faifai ya zuba a cikin katin duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Kati da direba da famwe, idan ɗaya ya ƙi, babu waifai.

Linus Torvalds ya fara rubuta kanel ɗin Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kuma har yau duk bayan mako tara ko goma ana fitar da sabo. Masu aikin suna da tsauri ƙwarai wajen kada sabon kanel ya karya manhajojin da jama'a ke amfani da su. Amma a can cikin cikinsa, inda direbobi ke haɗuwa da shi, ba su ɗauki wa kowa alkawarin barin abubuwa yadda suke ba. Suna canzawa duk lokacin da suka ga hanya mafi kyau. Idan direban yana cikin kanel ɗin, kamar iwlwifi na katunan Intel, wanda ya yi canjin shi zai gyara direban a lokaci guda. Idan kuwa direban daga waje aka kawo shi, kamar wl na wasu katunan Broadcom, ko waɗanda samari ke saukowa daga GitHub don katunan Realtek, babu wanda ya wajaba ya gyara shi. Irin wannan direba kamar riga ce da tela ya ɗinka a kan awon mutum ɗaya: idan mai sawa ya canza, sai an koma wa tela. Telan a nan shi ne DKMS, tsarin da kamfanin Dell ya ƙirƙiro a 2003, wanda aikinsa shi ne ya sake gina direbobin waje duk lokacin da sabon kanel ya sauka. Yawancin lokaci yana yi ba tare da ka sani ba. Ranar da ya kasa, ita ce ranar da za a kawo maka kwamfuta.

Wani zai ce, ai ni Ubuntu mai dogon tallafi na ɗora wa mutane, ba ta canzawa. Tana canzawa. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15, amma wanda ya ɗora zubinta na tebur an yi ta ɗaga masa kanel: 5.19, sai 6.2, sai 6.5, har 6.8. Sunan da ke allo bai canza ba, injin ciki kuwa an sauya shi sau huɗu. A farkon 2024, da aka koma 6.5, direbobin waje da dama sun ƙi ginuwa a kwamfutocin mutane saboda an gina sabon kanel ɗin da gcc-12, alhali abin da ke kan kwamfutocin shi ne gcc-11. Maganin bai wuce a ɗora gcc-12 a sake gina direban ba. Ku yi tunanin katunan da aka cire aka jefar a wannan lokaci ba su da laifin komai.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya fita da shi, ko da ya manta sauran. Sabon kanel ba ya goge tsoho. Ubuntu tana ajiye aƙalla na baya guda ɗaya, Fedora tana ajiye uku gaba ɗaya. Saboda haka gwajin farko, kafin ka ɗauki sukudireba, shi ne ka tayar da kwamfutar da tsohon kanel. Ka sake kunna ta, tana tashi ka danne Shift idan tsohon tsarin BIOS ne, ko ka taɓa Esc idan UEFI ne. Jerin GRUB zai fito. Ka shiga layin da aka rubuta Advanced options for Ubuntu, za ka ga kanel biyu ko fiye da lambobinsu. Ka zaɓi mai ƙaramar lamba, wanda babu kalmar recovery a gabansa. Idan ta tashi waifai ya dawo, magana ta ƙare: katin lafiya yake, eriya lafiya take, rauta ba ta da laifi. Minti biyu, ba ka kashe ko naira ba, kuma ka samu intanet ɗin da za ka yi sauran gyaran da shi.

Bari in ba ku misali da abin da na gani. Wani yaro magatakardan sito a wata masana'antar robobi a Sharada ya zo min da laftof a cikin jakar leda, ransa a ɓace, an riga an faɗa masa kuɗin sabon kati. Duk lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita yana ciki, kuma da yamma zai aika wa manaja. Na tambaye shi abin da ya faru kafin ɓacewar. Ya ce ana tsakiyar sabuntawa aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta kwamfutar ta mutu, domin batirinta dama ba ya riƙe caji. Muka tayar da ita da tsohon kanel, waifai ya kama hotsifot ɗin wayarsa nan take. Muka buɗe baƙin allon umarni muka rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, manhajar ta ƙarasa aikin da wuta ta katse mata. Da muka duba, abin da ya ɓace shi ne ƙunshin da ake kira linux-modules-extra. A Ubuntu 22.04 da 24.04, yawancin direbobin waifai a cikin wannan ƙunshi suke, ba a cikin babban ƙunshin kanel ba. Kanel ya sauka, direbobinsa ba su sauka ba, shi ke nan.

Na daɗe a kan wannan misali ne saboda shi ne namu na gida. Bature mai rubuta bayani a intanet ba ya kawo ɗauke wuta a lissafinsa, ba ya kawo ƙarewar data ana tsakiyar saukewa, ba ya kawo batirin gwanjo. Mu kuwa kullum da su muke kwana. A wurinmu sabuntawar da ta tsaya a rabi tana cikin abubuwan farko da ya kamata a zarga. Haka ma cikar faifai, musamman ƙananan SSD ɗin nan, ko ɓangaren /boot idan tsofaffin kanel sun taru sun cushe shi. Umarnin df -h zai nuna maka. Idan ƙunshin direbobin ne babu, ka tsaya a kan tsohon kanel, ka rubuta sudo apt install linux-modules-extra- ka bi shi da lambar sabon kanel ɗin daidai yadda ta fito a jerin GRUB, sannan ka sake kunnawa.

Idan ba wannan ba ne, sai a koma sabon kanel a tambayi kwamfutar da kanta. Tana faɗar abin da ke damunta, mu ne ba ma karantawa. Rubuta uname -r ka san kanel ɗin da kake kai. Rubuta rfkill list. Idan ka ga Soft blocked: yes, manhaja ce ta kulle shi, rfkill unblock all zai buɗe. Idan Hard blocked ne, akwai maɓalli a gefen kwamfutar ko a kan madannai mai hoton jirgi ko eriya, ko kuma an kashe shi a BIOS. Sau da yawa yaro ne ya danna a gida, sabuntawa ta ɗauki laifin da ba nata ba.

Daga nan sai lspci -nnk, ka nemo layin Network controller. Sunan laftof ba ya gaya maka komai, domin HP iri ɗaya guda biyu za ka iya samun katunansu daban. Lambobin da ke ƙarshen layin su ne shaidar katin: 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. A ƙasa akwai layin Kernel driver in use. Idan katin ya fito amma wannan layi babu, kati yana raye, direba ne bai hau ba. Idan kuwa katin bai fito ba sam, ko a tsohon kanel, kuma lsusb ma bai nuna shi ba, a nan ne kawai ka samu izinin buɗe bayan kwamfuta. Ko a nan ma, ka fara cire katin ka goge ƙurar hunturu ka mayar da shi, ka duba siraran wayoyin eriya biyun nan, baƙa da fara, ko ɗaya ta fita daga maɓallinta.

Direba bai hau ba, to me ya hana shi? Rubuta dkms status. Idan direban yana da kalmar installed a gaban tsohon kanel amma babu a gaban sabo, ginin ne ya faɗi. Dalilin yana rubuce a fayil ɗin make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms. Sau da yawa linux-headers na sabon kanel ne babu. Wani lokaci direban ne ya tsufa, sai an sauko da sabon zubinsa. Wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi daɗi, ba a ma buƙatarsa yanzu. Katin RTL8821CE da ke cikin HP masu yawa a kasuwarmu, da can sai an nemo masa direba daga waje, amma tun daga kanel 5.9 aka fara saka tallafinsa a cikin direban rtw88 na cikin gida. Mutum ya ɗora na waje shekarun baya, ya rubuta a hana na cikin gida hawa, ya manta. Yanzu na wajen ya ƙi ginuwa, na cikin gida kuma an ɗaure shi. Ka leƙa /etc/modprobe.d ka nemi layukan da suka fara da blacklist, ka cire na wajen gaba ɗaya, ka saki na gida.

Akwai kuma Secure Boot. Idan yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba a sa masa hannu ba. Za ka gwada sudo modprobe da sunan direban, ta amsa maka da Key was rejected by service. Kun san shuɗin allon nan da ke fitowa sau ɗaya bayan an ɗora direban waje, mai rubutun Enroll MOK, wanda kusan kowa ke tsallakewa don ya yi kama da matsala? A nan ne ake gabatar wa kwamfuta makullin da DKMS zai riƙa sa hannu da shi. Na san abin da ake yi a shago shi ne a kashe Secure Boot a huta. Yana aiki, amma ni na fi son a yi rajistar makullin, musamman a kwamfutar ofis da ke ɗauke da bayanan albashi da na banki.

Batun famwe gajere ne. Rubuta sudo dmesg | grep -i firmware. Idan ka ga failed with error -2, fayil ɗin da direba ke nema babu shi a /lib/firmware, sai ka sabunta ƙunshin linux-firmware. Ka lura dai, direban Intel yakan nemi sabon zubi ya rasa, ya sauko zuwa na ƙasa ya samu. Ganin irin wannan layi ɗaya ko biyu ba matsala ba ne matuƙar a ƙarshe ya ce ya loda. Masu Debian da ta girmi ta 12 sun sha wannan wahala, domin sai a Debian 12 ta Yunin 2023 aka fara saka irin wannan famwe a faifan ɗorawa na hukuma.

Wanda ke da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ya shiga Windows ya kashe Fast Startup, domin da shi Windows ba ta sakin katin gaba ɗaya idan an kashe ta, sai Linux ta tashi ta tarar da shi a wani hali. Wanda kuma waifai ɗinsa ba ya kamawa sai ya matso jikin rauta, idan katin RTL8723BE ne, akwai laftof ɗin da aka haɗa da wayar eriya ɗaya tak, direba kuma yana sauraron ramin da babu waya. Ana gyara shi da ant_sel=1 ko ant_sel=2, ka gwada ka ga wanda ya fi ƙarfi. Ku kuma na masana'antu, kafin ku zargi kanel a kan raunin sigina, ku gwada hotsifot ɗin waya a kusa da kwamfutar. Ginin da aka yi da ƙarfe da kwano, cike da injina, shi kansa yana cinye sigina, musamman ta 5GHz.

Idan duk intanet ya yanke, tsohon kanel ma babu, ka haɗa wayar Android da kebul ɗin caji ka kunna USB tethering, ko ka ja kebul daga rauta. Kowane mai gyara ya kamata ya ajiye kebul ɗin rauta guda ɗaya a aljihun teburinsa, da filash mai ɗauke da Ubuntu wadda za a iya tayar da kwamfuta da ita ba tare da an ɗora ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura tambayar da na san wani zai yi: me zai hana mu kashe sabuntawa gaba ɗaya mu huta? Na fahimci mai wannan tunani, amma ban yarda da shi ba. A Oktoban 2022 wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt a Jamus, Sönke Huster, ya gano ɓaraka a ɓangaren waifai na kanel ɗin Linux, wadda wanda ke kusa da kai zai iya amfani da ita ta iska kawai, ba sai ka shiga rautarsa ba. Sabunta kanel ne ya toshe ta. Wanda ya kulle ƙofar sabuntawa ya kulle kansa tare da irin wannan ɓaraka. Zama a kan tsohon kanel na mako ɗaya ko biyu kafin gyara ya fito daidai ne. Zama a kansa shekara guda sakaci ne, kuma idan kai ka saita wa mutum haka, ka gaya masa, ka ce ya dawo.

Abin da nake ba masu kula da kwamfutocin ofis shawara shi ne su sabunta guda ɗaya tukuna, su ga waifai da firinta sun tashi, sannan su bi sauran. A yi da safe, wuta tana nan ko janareta yana aiki, data tana da yawa, ba ranar biyan albashi ba. Kada a yi gaggawar apt autoremove, mai goge tsofaffin kanel, sai an tabbatar sabon kanel ya zauna. Masu Linux Mint su kunna Timeshift, mai ajiye kwafin manhaja don a iya komawa baya. Idan kuma kun tabbatar sabon kanel ne da kansa ya karya direban cikin gida, ku rubuta ubuntu-bug linux ku aika rahoto. Masu gyaran kanel ba su da irin kowace laftof a gabansu, kuma tsofaffin da suka taru a kasuwanninmu ba lallai ne wani a Turai yana gwada su ba.

Idan ta kama dole a canza kati, ko don ya mutu da gaske ko don mai shi ya gaji da direban waje, ku nema masa na Intel, domin direbansa a cikin kanel yake. Ku duba ramin tukuna, mini PCIe ne ko M.2. Ku kuma bambance AX200 da AX201: sun yi kama, amma na biyun ba ya aiki sai da wasu furosesoshin Intel da aka tsara shi dominsu. Wasu tsofaffin Lenovo da HP kuma BIOS ɗinsu ba ya karɓar katin da ba ya cikin jerinsa, kwamfutar za ta ƙi tashi ko ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ku gwada a gaban mai kayan kafin ku karɓi kuɗinsa, ku kuma ba shi tsohon katinsa a hannu.

Na ga wasunku sun zo da kwamfutocinsu. Bayan sallah a jera su a kan teburin nan, kowa ya rubuta lspci -nnk da hannunsa ya karanta mana lambar katinsa, mu fara daga nan.